Baitin Ƙarshe na Mujitaba Ɗan Uba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, 17 ga Shawwal 1446, daidai da 15 ga Afrilu 2025, da hantsi, wasu mutum biyar a kan babura biyu suka tare Mujitaba Uba a hanyar da ta taso daga bakin ruwan Tiga zuwa ƙauyensu, Sabuwar Tsamiya, suka sassare shi da adda. Ya cika a bayan motar 'yan albasa kafin a kai shi asibiti. Shekararsa talatin da huɗu. Ya bar mahaifinsa Baba Uba, da matarsa Hasana, da 'yarsa Nusaiba wadda ba ta rufa shekara uku ba. Masunci ne ɗan masunci, manomin rani, kuma marubucin waƙa, ɗaya daga cikin mutum ɗari shida da ke wannan zaure namu na Inuwar Baiti a WhatsApp. Ni Hafizu, malamin firamare a Kiru, ɗaya daga cikin masu kula da zauren, ni nake wannan rubutu. A zauren zan saka shi, domin tsakanina da ku akwai maganar da ba mu yi ba.

Mujitaba, tun ranar da muka zuba maka ƙasa wayata ba ta huta ba. An sa hotonka a goshin zaure. An rubuta maka marsiyya ta fi arba'in. Masu kiran ka fasihi, masu kiran ka gwarzo, har da wanda ya ce shi ya fara gano baiwarka, alhali na koma baya na duba, shekara huɗu bai taɓa ce maka ko sannu ba. Da kana nan da ka yi dariyar nan taka ta rufe baki da hannu. Ni na kasa dariya. Haushi nake ji, irin wanda ke hana mutum haɗiye tuwo, kuma fiye da rabin haushin na kaina ne.

Na tuna ranar da ka shigo. Ka yi doguwar sallama, ka gai da manya ɗaya bayan ɗaya kamar ka shiga zauren dagaci, ka ce kai ɗalibi ne ka zo ɗaukar karatu. Sannan ka saki waƙa mai baiti sittin da biyu. Ba wanda ya tanka. Bayan minti goma wani ya saka katin ɗaurin auren ƙanensa, aka bi shi da Allah ya sanya alheri har waƙarka ta nutse, ba ta ƙara tasowa ba.

Wanda ba ya cikinmu ba zai gane ba, don haka bari in faɗa. A zaurenmu kyan waƙa ba ya kawo mata masu karatu. Sai kana da suna, ko kana da mutane. Ka yaba wa wane yau, gobe ya yaba maka. Ka saka da safe lokacin da mutane ke shan koko da waya a hannu, ka haɗa da hotonka cikin babbar riga, kada ta wuce baiti goma. Sai a bi ka da alamar babban yatsa, da fure, da wuta, da Allah ya ƙara basira. Yawancinmu layi biyun farko muke dubawa mu danna yatsa mu wuce. Duk mun san haka, duk muna yi, ba mai faɗa.

Kai kaɗai ne ka kasa koyon wannan. Karatu kake yi na gaske. Ƙauyenku ba sabis, sai ka hau wani tudu a bayan gari, ka zauna a ƙarƙashin marke, ka bi abin da aka rubuta baiti bayan baiti. In ka ga gyara ba ka yi wa mutum a gaban jama'a, sai ka bi shi gefe. Shamsiyya, wata ɗaliba daga Tudun Wada, ta saka waƙarta ta farko aka yi mata ca a kan karyewar kari, har ta ce za ta fita daga zauren. Kai ka tura mata murya kana buga karin a jikin kwalekwale da tafin hannunka, kana rera mata layin nata a hankali har ta ji inda ya karye da kunnenta. Yau tana cikin waɗanda ake ji da su. Ranar rasuwarka ita ce ta kira ni tana kukan da ban iya sauraro ba.

Ni ma ban tsira ba. Na yi wata waƙar Maulidi da na sha yabo a kanta, mutum fiye da ɗari suka danna mini yatsa, ina ta hura hanci. Sai ga saƙonka: "Malam, Allah ya saka da alheri. Amma baiti na bakwai yana ɗingishi." Kwana biyu ina fushi da kai. Na ce masunci ne zai gyara wa malamin makaranta? A rana ta uku na rera baitin ni kaɗai a ofis, na ji ɗingishin sarai. Ranar kasuwa sai ga ka a ƙofar gidana a Kiru, ka sauko daga achaɓa da bandar tarwaɗa naɗe a takardar siminti, wai ka zo ba da haƙuri. Ni ya kamata in ba ka. Na karɓi kifin, haƙurin kuwa ban bayar ba.

Daga nan muka saba. Kana kira na Malam, ina kiran ka Sarkin Ruwan Baiti, ina tsokanar ka cewa waƙoƙinka sun fi tarun kamun kifi tsawo. Ka ce ai abin da ke ranka ne bai gajarta ba.

A bara ne aka yi maka satar da ta ƙona maka rai. Ka yi waƙa a kan tsohuwar Tsamiya, garin kakanninka da ruwan madatsa ya cinye tun mahaifinka yana saurayi. Har yau ina riƙe da baitin nan:

Garinmu na nan ƙasan ruwa, bai gushe ba,
Tarwaɗa ce ke kwana ɗakin su Baba.

Mutum uku suka danna maka yatsa a zaure, ni ne na ukun. Bayan wata biyu wani mutum a wani gari mai nisa ya ɗauke ta ɗungurungum, ya goge sunanka da ka rubuta a ƙasa, ya sa nasa da hotonsa a Facebook. Dubban mutane suka yaba masa. Har a zaurenmu aka dawo da ita ana cewa a zo a ga fasaha, ba wanda ya tuna ya taɓa ganin ta. Ka zo wurina idonka ja wur, ka zauna a dakali ka ƙi shan ruwan da aka kawo maka.

A ranar na ba ka shawarar da zan ɗauka har kabarina. Na ce, "In kana so a san da kai, abu uku za ka yi. Ka daina rubutu kawai, ka rera da muryarka, murya ba ta satuwa. Ka taɓo abin da ke ci wa mutane rai yanzu, ba garin da ya nutse shekara hamsin ba. Sannan ka yi yadda magabata ke yi, ka saƙa sunanka da na mahaifinka da garinku a cikin baitin ƙarshe, a cikin amsa-amon, yadda ɓarawo ba zai cire ba sai ya rushe waƙar."

Ka ce, "Malam, ni ba sunana nake so ya yi yawo ba. So nake mutum ɗaya ya karanta har ƙarshe."

Na ce maka sai suna ya yi yawo ake samun mai karatu. Na faɗa da ƙarfin gwiwa, kamar na san abin da nake faɗa.

Da bazarar bana ta shigo ruwa ya ja baya, kifi ya taru a lunguna, sai wasu mutane suka fara zuwa bakin ruwanku. Ba masunta ba ne. Jarkoki suke zuwa da su cike da maganin feshin gona, su tuttule a lungun ruwa, su zauna a inuwa suna shan taba. Bayan awa biyu kifi ya taso fari fat, ciki a sama, babba da ƙarami. Su tsince manyan su cika buhuna su loda a mota, su bar ƙananan su ruɓe a gaɓa. Wari ya hana mutane zama a ƙofar gida. Shanu bakwai na wani Bafulatani suka sha ruwan suka faɗi a nan bakin gaɓa, kumfa na fita ta bakinsu. Matan da ke wanki hannuwansu suka saɓule.

Baba Uba, dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya, shi ya je ya same su da rana tsaka, filafilinsa na tuƙa kwalekwale a hannu. Ya yi musu sallama ya ce, "Samari, ku ji tsoron Allah. An raba mu da gonakinmu na gado, ruwan nan shi ya rage mana." Babbansu, wani mai tabo a haɓa, ya fizge filafilin ya maka masa a hannu, ƙashi ya karye gida biyu. Da ya faɗi suka bi shi da ƙafa. Mai tabon ya kama ƙeyarsa ya danna fuskarsa cikin ruwan da suka zuba wa guba, ya ɗago shi, ya sake dannawa. Suka yayyanka komarsa ta kamun kifi da wuƙa, suka fasa kwalekwalensa da gatari. Kai ka goyo shi a bayanka zuwa wurin mai ɗori, yana aman ruwa a kafaɗarka.

An kai magana inda ake kaiwa, aka ce ana bincike. Dattawan gari suka ce a yi haƙuri a bar wa Allah, domin mutanen suna da makamai kuma ba a san wanda ke bayansu ba. Ka yi shiru kamar kowa. Ashe rubutu kake yi.

Ranar Asabar, kwana goma kafin rasuwarka, da safe, ina zaune a kan tabarma a Ɗansoshiya ana jiran liman a ɗaura auren wani abokin aikina, sai saƙonka ya shigo mini ni kaɗai, ba ta zaure ba. Murya ce, minti tara da 'yan daƙiƙu. A ƙasa ka rubuta, "Malam ga ta." Na kara wayar a kunne.

Sun zo da jarka, ba su zo da koma ba,
Sun kashe ruwan da bai taɓa cutar su ba.

Ban taɓa jin muryarka haka ba, kamar ana jan ƙarfe a kan dutse. Na ji baiti shida ko bakwai, har zuwa inda ka ce:

Mai tabo a haɓa, kai ka karya hannun tsoho,
Ranar hisabi ba za ka zo da gora ba.

Daidai nan liman ya iso, mutane suka fara gyara zama. Minti biyu na saurara cikin tara. Na ce a raina, yau dai an gama, yau za a san Mujitaba. Kafin a buɗe da addu'a na tura ta zaure, na tura ta shafinmu na Facebook, na rubuta a sama da manyan baƙaƙe: "Duk wanda bai saurari wannan har ƙarshe ba ya yi asara." Na jefa wayar a aljihu na ɗaga hannu ana fatiha.

Kafin la'asar ta fita daga hannunmu. Ta shiga zauruka da ban san da su ba. 'Yan achaɓa a Yako suna sa ta a waya, masu shayi a Kwanar Ɗangora suna sa ta, wani ya rubuto daga Agadas, wani daga Makka. A zaurenmu kuwa yatsu da wuta suka yi ta zuba, waɗanda ba su taɓa sanin kana raye ba suna cewa ɗan'uwanmu ne.

Washegari bayan azahar ka kira ni.

"Malam, barka da rana. Na ga an fitar."

"An fitar kuwa! Ka ga abin da nake gaya maka? Yau duniya ta san da kai."

Ina jin iska tana kaɗawa a tudun nan naka.

"Malam, ka ji ta har ƙarshe?"

"Har ƙarshe. Sau biyu ma."

"To shi ke nan. Tunda ka ji, kuma ka ga ya dace, Allah ya sa hakan ya fi alheri."

Ƙarya na yi maka, Mujitaba. Irin ƙaryar da muke yi wa juna kullum a zaure, wadda har mun daina ƙirga ta cikin ƙarya. Kuma kwana tara da suka biyo baya ban koma na saurara ba. Ina can ina amsa saƙonni, ina karɓar barka, ina gaya wa mutane ni na ba ka shawara.

Hasana ta gaya mini ka ji daɗi, ba za a ce ba ka ji ba. Kana hawa tudu ka dawo kana karanta mata abin da mutane suka rubuta. Amma ta ce wata rana ka ajiye wayar ka ce, "Duk baitin farko suke ɗaukowa." Ta roƙe ka ka tafi Kano wurin 'yan'uwa ka yi ko wata guda. Ka ce albasa tana son ruwa, hannun Baba kuma bai haɗe ba, wa zai ɗora masa buta?

Abin da ya faru ranar Talata, Abdulbasit ne ya gani, maƙwabcinka a gonar rani, kuma daga bakinsa na ji. Yana cikin fangalin albasarsa, kai ka gama ban-ruwa ka kama hanyar gida da tiyo a kafaɗa. Babura biyu suka sha gabanka. Mai tabon ya sauko bai yi gaggawa ba. Ya ciro waya daga aljihu, ya kunna waƙarka, ya ja ta da yatsa zuwa can ƙarshe, ya ɗaga ta saitin fuskarka. Muryarka ta fito a fili:

Tammat, ni ne Mujitaba ɗan gidan Uba,
Na Sabuwar Tsamiya, ban ɓoye kaina ba.

Ya kashe wayar ya ce, "Kai ne ɗan gidan Uban da bai ɓoye kansa ba?"

Ka ce, "Ni ne."

Ya ce, "Ai mun ji ka har ƙarshe. Kai da bakinka ka ce kada a fitar. Ashe ka san abin da ka yi."

Da gora suka fara, a gwiwa, ka durƙushe. Ka ɗaga hannun dama ka kare kanka, adda ta ɗauke yatsu uku. Suka sare ka a kafaɗa, suka sare ka a ka, suka sare ka a wuya. Ɗaya ya zaro wayarka daga aljihu ya ɗora a kan dutse ya farfasa ta da gindin gora. Abdulbasit ya taho a guje da fartanya yana ihu, suka tare shi da sara ɗaya a kafaɗa ya faɗi. Sannan suka goge addunansu a jikin tiyonka, suka hau babura suka tafi ba tare da sun waiwaya ba. Ya ce da ya rarrafo wurinka idonka biyu, kana maimaita kalmar shahada, jini yana bin ƙasa yana shiga kwarin ban-ruwa. Masu lodin albasa ne suka ɗauke ku. Ka cika kafin motar ta hau kwalta.

Ina cikin waɗanda suka yi maka wanka. Ni na riƙe buta. Jini ya ƙi tsayawa, sai da aka yi ta cusa auduga. Matan da suka je wurin sun tsinto yatsunka a cikin yashi, suka naɗo su a ƙyalle, aka sa su cikin likkafani. Babban yatsanka yana nan a hannun, da kantar zaren koma a jikinsa, wanda ka danna duk waƙoƙinka da shi a wayar nan mai fasasshen gilashi. An yi maka sallah bayan la'asar. A maƙabarta Abdulbasit ya maimaita mini maganar mai tabon, cewa kai ka ce kada a fitar. Ban gane ba. Na ɗauka ruɗewar mai rauni ce.

Ranar sadakar uku na koma. Baba Uba yana zaune a kan tabarma a ƙofar gida, hannunsa ɗaure da karan ɗori, mutane sun kewaye shi. Bayan an yi addu'a ya kira ni kusa ya ce, "Malam Hafizu, an ce waƙa ce ta ja masa. Ni ban taɓa jin ta ba, ya ɓoye mini. Wayarsa kuma sun fasa. Kana da ita?"

Wasu suka ce nan ba wurin waƙa ba ne. Liman ya ce a bar uba ya ji muryar ɗansa. Na kunna, na ajiye wayar a kan tabarma a gabansa.

Minti tara ba wanda ya yi tari. A nan na fara jin sauran waƙar, ni da na tura ta duniya. Na ji baitin shanun Bafulatani, na ji baitin hannuwan mata, na ji inda ka roƙi Allah ya raya ruwan. Aka zo tammat, ka faɗi sunanka da na mahaifinka da garinku. Na miƙa hannu zan ɗauki wayar, sai na ga ba ta ƙare ba. Aka ji ka ja numfashi, aka ji carar zakara daga nesa, sannan ka yi magana da muryarka ta kullum:

"Malam, ka yi haƙuri na tsawaita. Wannan taka ce kai kaɗai tukuna, don Allah kada a fitar. Na sa sunan kamar yadda ka ce, amma gabana yana faɗuwa. Mutanen nan ba su da imani, ga Baba, ga yarinya. Ka saurara ka ba ni shawara, ko in cire baitin ƙarshe a fitar da ita a rubuce ba da muryata ba. Abin da ka ce shi zan yi."

Wayar ta yi shiru. Daga cikin gida aka ji Hasana ta fasa ƙara.

Baba Uba ya ɗago kai ya ce, "Wane malamin yake nufi?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"Ka ji wannan kafin ka fitar?"

"Ban ji ba, Baba. Yau na fara ji."

Abdulbasit ya yunƙuro da hannunsa mai lafiya ya shaƙe mini wuyan riga, ya haɗa ni da bango, ɗinkin kafaɗarsa ya ɓalle jini ya ɓata masa riga. Wallahi so na yi ya buge ni. Baba Uba ya ce, "Sake shi." Ya sake ni.

Dattijon ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya ce, "Kwanansa ne ya ƙare. Wanda ya ɗaga adda shi ya kashe mini ɗa, da shi zan tsaya gaban Allah. Kai kuma abin da ke tsakaninka da shi, tsakaninku ne. Ba nawa ba ne balle in yafe." Ya tura mini wayar da ƙafarsa ya ce, "Mayar mini wurin da ya faɗi sunana."

Sau uku na mayar masa. A na ukun ya share fuska da bakin rawaninsa ya ce, "Kada wanda ya cire wannan."

Yanzu na juyo gare ku, 'yan zaure. Laifina na faɗa, ban rage komai ba, kuma ba na neman wanda zai taya ni ɗauka. Amma kwana goma waƙar nan tana hannunku, da roƙonsa a maƙale a wutsiyarta. Mu ɗari shida ne. Na ƙirga yatsu ɗari huɗu da goma sha ɗaya a ƙarƙashinta a zauren nan kaɗai. Ba mutum ɗaya da ya kira ni ya ce, Hafizu, mutumin nan fa cewa ya yi kada a fitar. Da an samu ɗaya, da wataƙila mun sauke ta a ranar farko, da wataƙila mun matsa masa ya bar gari. Shekara huɗu yana neman mutum ɗaya da zai bi shi har ƙarshe. Ya samu mutum biyar, sun zo masa da adda.

Har zuwa yau da nake wannan rubutu ba a kama kowa ba. Ya Allah, kai ka ga hanyar nan da hantsin nan. Ka tona asirinsu, su da wanda ya aiko su, da wanda ke sayen kifin yana sane. Ka hana su barci, ka hana su kwanciyar hankali, ka damƙa su a hannun hukuma tun a nan duniya kafin ranar da ba gora ba adda. Duk wanda ya san mai tabo a haɓa da ke yawo da jarka a bakin ruwan Tiga, ya ji tsoron Allah ya kai labari inda ya dace.

Hasana ta aiko mini da littattafan rubutu guda biyar da ka ajiye cikin leda a ƙasan akwati, wasu shafukan da tabon ruwa. Waƙa ɗari da goma sha uku. Na fara karanta su, ɗaya bayan ɗaya, ba na tsallake layi. A ta goma sha tara na tarar ka yi wa Nusaiba waƙa tun tana ciki. Zan adana mata su har ta iya karatu, da sunanka a jikin kowacce.

Mujitaba, na san ba ka jin wannan, amma ba ni da wurin da zan kai shi. Ka yafe mini. Ka tambaye ni tambaya ɗaya tak a rayuwarka wadda amsarta ke da nauyi, na ba ka amsar ƙarya. Ina roƙon Allah ya haɗa ni da kai a inda zan iya faɗa maka da bakina.

Allah ya jiƙan Mujitaba ɗan Uba. Allah ya karɓi shahadarsa, ya gafarta masa kurakuransa, ya yalwata kabarinsa ya haskaka shi, ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba Uba, Allah ya haɗa ƙashinsa ya ba shi juriyar wannan rashi. Ga Hasana, Allah ya sanyaya zuciyarta ya zama gatanta. Allah ya raya Nusaiba, ya shirya ta, ya sa ta zama mai yi wa mahaifinta addu'a. Ga Abdulbasit, Allah ya ba shi lafiya ya saka masa da alheri. Ga jama'ar Sabuwar Tsamiya da dukkan masuntan bakin ruwan, Allah ya ba ku haƙuri ya raya muku ruwanku. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Roƙona ɗaya gare ku. Wanda ya karanta har ya iso wannan layi, kada ya danna yatsa, kada ya sa fure, kada ya rubuta komai a ƙasa. Ya ajiye wayar ya yi masa addu'a. Sauran kuwa, zan ga yatsunsu.

Hafizu, Kiru.